Tsofaffin Mahaƙai da Dattawan Gezawa Za Su Iya Ziyarta

Ƙaramar Hukumar Gezawa, wadda ke arewa maso gabashin birnin Kano a kan hanyar da ta fita ta Yankaba ta ratsa Jogana, tana cikin yankin da masana labarin ƙasa irin su Michael Mortimore suka yi ta nazari a kansa tun shekarun 1960, saboda cunkoson jama'arsa da kuma noman da ake yi shekara bayan shekara ba tare da an bar gona ta huta ba. Ƙidayar 2006 ta nuna akwai mutum 282,069 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 340, wato sama da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita, kuma wanda ya bi ta Tumbau ko Babawa ko Ketawa zai ga gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake sun haɗe da juna a ƙarƙashin gawo da ɗorawa da tsamiya. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta jigawa, ba a san ta da kuza ko zinariya ba. Duk da haka, fartanyar da aka nome ta da ita da katangar da aka kewaye gidajenta da ita duk daga rami suka fito, kuma mazajenta, kamar na sauran ƙasar Kano, suna cikin waɗanda cin rani ya riƙa kaiwa wuraren haƙar ma'adinai na nesa.

Tafiye-tafiyen dattawan karkara ba su cika wuce asibiti da ta'aziyya da biki da gaishe da dangi ba, sai kuma aikin hajji ga wanda Allah ya hore wa. Ba a cika shirya musu fita don ganin wuraren tarihi ba, alhali su ne suka fi kowa sanin abin da za a gani, domin mutumin da aka haifa a 1950 ya riski zamanin da ake gina gari sukutum da ƙasar kududdufi, kuma yana da shekara 35 lokacin da kasuwar kuza ta faɗi a 1985. Tambayar da ke gaban iyalan da ke son kai Baba ko Inna irin waɗannan wurare ita ce wanne ne jikin tsoho zai iya ɗauka, wanne ne kuma ya kamata a nisanta shi da shi.

Ire-iren mahaƙai

Mahaƙa ita ce duk wurin da aka tona ƙasa don fitar da wani abu mai amfani, ko tama ce, wato dutsen da ake narkarwa a sami ƙarfe, ko kuza, ko gishiri, ko kuwa jar ƙasa ta gini da yumɓun tukwane. Mahaƙai sun kasu gida biyu, kuma wannan rabuwa ita ce abu na farko da mai shirya ziyara zai lura da shi. Akwai buɗaɗɗiyar mahaƙa, inda ake yaye ƙasa daga sama har a kai ga abin da ake nema, a bar ƙaton rami wanda yawanci ruwan sama kan cika. Akwai kuma ta ƙarƙashin ƙasa, inda ake haƙa rijiya a miƙe, sannan a yi ta huda hanyoyi a kwance ana bin jijiyar ma'adinin.

Buɗaɗɗiyar mahaƙa ana ganin ta daga baki, mutum yana tsaye ko yana zaune, saboda haka ita ce ta dace da masu shekaru. Ta ƙarƙashin ƙasa kuwa, da zarar an daina aiki a cikinta, katakon da ya tokare rufinta kan ruɓe, ruwa kan taru a ƙasanta, iskar shaƙa kan ragu har mutum ya suma kafin ya ankara, macizai da jemagu kuma su mai da ita gida. Sai fa in hukuma ta gyara ta, ta sa mata fitilu da na'urar shigar da iska da masu lura, ba wurin shigar kowa ba ce, yaro ko babba.

Abin da ake dubawa kafin a tashi

Sunan wuri da shahararsa ba su ne ke nuna dacewarsa da dattijo ba. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin inda mota za ta tsaya da inda za a ga abin da aka zo gani, da kuma yanayin ƙasar da za a taka a wannan tazara. Wurin da sai an hau matakala mai yawa, ko an sauka gangare mai tsakuwa, ko an tsallaka kwazazzabo, ya fita daga lissafi ga mai ciwon gwiwa ko mai dogara sanda, domin faɗuwar da saurayi zai karkaɗe jiki ya tashi, ita ce kan karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi wata da watanni. Bayan wannan sai a duba ko akwai inuwa da wurin zama, ko akwai ruwan sha da makewayi da inda za a yi alwala a yi salla cikin natsuwa, sannan a san asibiti mafi kusa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina ramuka kan cika, gaɓarsu ta jiƙe ta yi laushi, ciyawa kuma ta rufe bakin rijiyoyi, ga shi lokacin aikin gona ne da ba mai sukunin rakiya. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasar Kano kan haura digiri 40, abin da ke da haɗari ga mai hawan jini ko ciwon zuciya. Mafi dacewa shi ne bayan an kawar da amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da hantsi bayan sanyin asuba ya sake, sai dai mai asma ko tari ya guji ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri. Mai ciwon suga a riƙe masa maganinsa da abin da zai ci a kan kari, kuma kada a fita da dattijo sai da mutum biyu aƙalla, ɗaya ya riƙe shi, ɗaya ya riga su gaba ya duba hanya. Kyakkyawar al'ada ce wani daga cikin 'ya'ya ko jikoki ya fara zuwa wurin shi kaɗai kwanaki kafin ranar, ya gaida mai unguwa ko dagaci, ya nemi izini da ɗan rakiya wanda ya san inda ake takawa.

Ramukan da ke bayan gari

Mahaƙar da ta fi kusa da mutumin Gezawa ita ce kududdufi, wato ramin da ya samu sakamakon ɗibar ƙasar gini shekara da shekaru. Daga nan ake haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya a rana, a ɗora katanga, a yi rufi da azara ta giginya, sannan a yi yaɓe da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa don ruwa ya riƙa zamewa. Girman kududdufin gari yakan nuna daɗewar garin da yawan ginin da aka yi a cikinsa, kuma bayan ƙasar da ya bayar, yakan tara ruwan damina a shayar da dabbobi, a yi wanki, a buga tubalin rani. Tun da bulo da siminti da kwano suka yawaita, aikinsa na farko ya ragu, wasu kududdufan sun koma juji, wasu an cike su an yi gini a kai, abin da masana muhalli ke dangantawa da ƙaruwar ambaliya a unguwannin birnin Kano.

Ziyarar kududdufi ba ta bukatar kuɗin mota, kuma a nan ne dattijo ke komawa malami, masu rakiyarsa su koma ɗalibai, domin shi ne zai nuna daga wane gefe aka ɗebi ƙasar masallacin gari, wane magini ne ya jagoranci aikin, da kuma yadda ake gayya a kwaɓa ƙasa. Abin kiyayewa shi ne a zauna nesa da gaɓa, a inuwa, kuma kada a bar jikokin da suka biyo su shiga ruwan, saboda zurfin da ba a gani da kuma cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. Ramukan burji, waɗanda 'yan kwangilar hanya kan haƙa su bari a gefen titi, suna da sauƙin isa da mota, sai dai bangonsu a tsaye yake, yana iya zaftarewa ba zato, don haka daga nesa ake kallon su.

A wurare da dama na ƙasar Kano manoma kan ci karo da wasu baƙaƙen dunƙulallun duwatsu masu nauyi da ƙofofi a jikinsu, waɗanda ake kira kashin maƙera, wato dattin da ke saura bayan an narkar da tama an cire ƙarfe. Inda aka same su da yawa, alama ce ta cewa an taɓa yin narkar tama a wurin. Wanda zai fi iya bayani a kansu shi ne tsohon maƙeri, kuma zama a maƙera ranar kasuwa, ana kallon zuga-zugi da masaba da uwar maƙera, ziyara ce da kowane dattijo zai iya yi a kan benci, ko da yake ƙarfen da ake ƙerawa yau daga tsofaffin motoci da injuna yake fitowa.

Dutsen Dala da Gidan Makama

Tsohuwar mahaƙar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin Kano tana tsakiyar birni, tafiyar da ba ta cika wuce sa'a guda daga Gezawa ba in hanya ba cunkoso. Dutsen Dala tudu ne na marmara mai ɗauke da tama, kuma ruwayar baka ta nuna cewa maƙeran da ake kira Abagayawa sun zo ne daga Gaya suna neman tama, suka same ta a nan suka zauna. Binciken masu tonon kayan tarihi ya ƙarfafa wannan ruwaya, domin gwajin da aka yi wa ragowar wurin narkar da ƙarfe a gindin dutsen ya nuna ana wannan sana'a tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga 999. Ƙarfen da aka samu a nan shi ya ba da fartanya da gatari da mashi, kuma da waɗannan aka sare daji, aka yi noman da ya ciyar da gari, aka kare shi.

Narkar da tama ta gida ta mutu ne a hankali bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ƙarfen Turai da tarkacen injuna sun fi araha da sauƙin samu a kan wanda sai an haƙo, an ƙona gawayi, an kwana ana zuga. A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano tare da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Akwai matakala da ke kaiwa ƙololuwar dutsen, inda ake hango birni ta kowace fuska, amma hawanta aiki ne ga mai shekaru, kuma ba dole ba ne, tunda abin da ya shafi tarihin tama a jikin dutsen yake, ana ganin jar marmarar daga ƙasa. Gidaje sun matso gindinsa ƙwarai, lungunan kuma ƙanana ne, saboda haka Adaidaita Sahu ya fi babbar mota iya kusantar wurin. Wanda ya ji ƙarfi yana iya hawa kaɗan ya huta ya sauko, wanda bai ji ba ya zauna a ƙasa jikoki su hau. Daga nan sai a wuce Gidan Makama, kusa da Gidan Sarki, ginin da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ɗakunansa a ƙasa suke, ana bi daga wannan zuwa wancan a hankali, ana ganin kayan sana'o'i da makamai da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Ita kanta ganuwar, wadda aka fara ta a zamanin Sarki Gijimasu a farkon ƙarni na 12, da ƙasar da aka haƙo a gefenta aka gina ta, kuma ana iya ganin abin da ya rage nata daga cikin mota. Wannan zagaye, Dala da Gidan Makama da ganuwa, yana yiwuwa tsakanin hantsi da azahar, kuma shi ne ya fi cancanta a fara da shi.

Riruwai

A can ƙarshen kudancin jihar, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa kusa da iyakar Kaduna da Bauchi, akwai Riruwai, garin da ke tsakanin tsaunukan da suka fi ko'ina tsayi a Jihar Kano. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan gari sun ƙware wajen wanke yashin rafi su tace kuza, su narkar da ita, su zuba ta ta fito siri-siri kamar tsinke, a ɗaure ta dami-dami fatake su kai kasuwanni. A ƙarni na 19 wasu daga cikinsu sun koma ƙasar Bauchi suka ci gaba da sana'ar a garin da ake kira Liruwen Dalma, kuma irin waɗannan tsinkayen kuza da Turawan Kamfanin Neja suka gani a hannun fatake ne suka sa su bin sawu har suka kai ga tushen ma'adinin. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 an yi aikin buɗe babbar mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Riruwai da hannun Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1972, amma aikin ya tsaya, aka bar gine-gine da ramuka.

Ta fuskar tarihi Riruwai ta cancanci ziyara, amma ta fuskar jikin tsoho tana da wuya. Tafiyar sa'o'i ce masu yawa daga Gezawa, ta Tudun Wada da dajin Falgore, wanda ya sha fama da matsalar tsaro a shekarun baya. Ƙasar kuma ta duwatsu ce, ga masu haƙa na gargajiya suna ci gaba da aiki, suna barin sababbin ramuka kusa da tsofaffi. Dattijon da ke da sauran ƙarfi kuma yake da masauki a garin zai iya zuwa ya ga tsaunuka da tsofaffin gine-ginen kamfani daga bakin hanya, ya zauna da tsofaffin ma'aikata su yi hira, amma kusantar bakin rami ba ya cikin abin da za a yarda da shi.

Jos da ramukan kuza

Babban filin kuza na Nijeriya shi ne tsaunin Jos, kimanin kilomita 300 daga Kano. Turawa sun fara aiki a can ne daga 1903, shekarar da suka ci Kano, kuma cikin ɗan lokaci kamfanoni suka cika wurin, aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya wadda ta isa yankin a 1914 aka kuma rufe ta a 1957. Garuruwa irin su Bukur da Barikin Ladi da Naraguta sun cika da leburori daga Kano da Zazzau da Bauchi da Sakkwato da Barno, masu diga da shebur da kwanon sarki, wasu sun zo cin rani su sami kuɗin haraji da na aure su koma gona kafin shuka, wasu kuma sun zauna har jikokinsu suka zama 'yan can. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame Malaya a 1942 ta toshe wa Ingila babbar hanyar samun kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora aikin tilas, aka riƙa ɗibar mutane ta hannun sarakuna da hakimai har zuwa 1944, kuma da yawa sun rasu saboda sanyi da ƙarancin abinci da cuta. A 1943 ne haƙar ta kai ƙololuwarta, inda aka fitar da sama da tan 17,000. Daga baya ma'adinin na sama ya ragu, kuɗin haƙa ya ƙaru, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sannan faɗuwar farashi a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa manyan kamfanonin.

Abin da aka bari shi ne ɗimbin tafkuna da tulin ƙasa a faɗin yankin, kuma da yake buɗaɗɗun mahaƙai ne, da yawansu ana ganin su daga titi tsakanin Jos da Bukur da Barikin Ladi. Wani tafki a unguwar Rayfield an mai da gefensa wurin shaƙatawa, inda ake zama a kalli ruwa. Wurin da ya fi amfani ga dattijo shi ne gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya jagoranci kafa shi aka buɗe a 1952, domin a nan ake ganin kayan aikin kuza da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, da kuma mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. A harabar kuma akwai sashen gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi wani yanki na ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. Filin yana da faɗi, saboda haka a tafi da kujera ko keken guragu, a kuma tanadi rigar sanyi, tunda garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Tafiyar tana bukatar kwana, kuma hikima ce a tuntuɓi 'yan'uwa mazauna can game da yanayin zaman lafiya kafin a kama hanya.

Inda ba a kai dattijo

Akwai wuraren da ba su da wahalar isa amma haɗarinsu ba ya ganuwa da ido. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasa da abinci, har yara kimanin 400 suka rasu. Duk wurin da ake niƙa dutse ko wanke shi, ko da an daina aiki, ƙurarsa abar gudu ce, musamman da yake jikoki ƙanana kan biyo kakanni. Tulin yashin da ya rage bayan tace kuza a yankin Jos shi ma bincike ya nuna yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki in an daɗe tare da su, don haka ba abin ɗebowa a kawo gida tsaraba ba ne. Rijiyoyin da masu haƙa na gargajiya ke tonawa, waɗanda a Filato ake kira loto, sukan rufta da masu aikin kansu, balle baƙo. Tafkunan kuza kuma zurfinsu daga gaɓa yake farawa, ba su da gangare irin na rafi, shi ya sa suke cin mutane da dabbobi.

Yadda aka yi a wasu ƙasashe

Wasu ƙasashe sun mai da matattun mahaƙansu wuraren ziyara. A yankin Wels na Birtaniya, mahaƙar kwal ta Big Pit da aka rufe a 1980 an sake buɗe ta a 1983 a matsayin gidan tarihi, ana saukar da baƙi zurfin mita 90 cikin kejin da ma'aikata suka riƙa shiga, kuma tsofaffin mahaƙan ne aka ɗauka su yi jagora. A Poland, mahaƙar gishiri ta Wieliczka, wadda aka fara aiki a cikinta tun ƙarni na 13 kuma ta shiga jerin UNESCO a 1978, tana da matakala kusan 800 a hanyar baƙi, abin da ya sa aka ware wata hanya mai na'urar sauka da hawa domin marasa ƙarfi. A Kimbali ta Afirka ta Kudu kuwa, ƙaton ramin lu'ulu'un da aka haƙa daga 1871 zuwa 1914 ba a shiga cikinsa. Dandali aka gina mai shinge a bakinsa, da gidan tarihi a gefe.

Tsarin Kimbali shi ya fi kusa da abin da aljihun ƙaramar hukuma zai iya ɗauka, tunda bai wuce hanya mai laushi da shinge da rumfa da benci da makewayi da allon bayani ba. Darasin Big Pit kuma shi ne cewa wanda ya yi aikin da hannunsa ya fi kowa iya ba da labarinsa, kuma irin waɗannan mutane suna nan da ransu a Riruwai da Bukur da maƙerun ƙasar Kano.

Nauyin da ke kan hukuma da iyali

Ma'adinai a Nijeriya suna ƙarƙashin ikon Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa masu lasisi nauyin gyara wurin da suka haƙa, amma yawancin tsofaffin ramuka sun girmi dokar, masu su kuma sun daɗe da tafiya. Kula da wuraren tarihi aikin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1979, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Dokar kare haƙƙin masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar shiga ga marasa ƙarfi, kuma wa'adin ya riga ya cika. Abin da ake nema daga waɗannan hukumomi a Dala da makamantansa shi ne madafa a jikin matakala, wurin zama a inuwa, makewayi mai tsabta da bayani da Hausa, da boko da ajami, domin dattawan karkara da yawa ajami suka fi karantawa.

A matakin Gezawa, aikin ya fi sauƙi. Hakimi da dagatai da masu unguwanni za su iya sa a lissafa tsofaffin kududdufai da wuraren da ake samun kashin maƙera a kowace mazaɓa, a kewaye masu haɗari, a hana mai da masu tarihi juji, makarantun sakandare kuma su tura ɗalibai su ɗauki muryar tsofaffin magina da maƙera da waɗanda suka yi cin rani a kuza, tunda wayar hannu ta wadatar da wannan. Iyalai kuma kada su jira hukuma: su fara da kududdufin bayan gari da maƙerar kasuwa, su bi da Dala da Gidan Makama a rana guda ta hunturu, su bar Jos ga mai sauran ƙarfi da masauki, su kuma tsaya a kan ƙa'ida ɗaya a ko'ina, wato dattijo ya ga rami daga nesa yana zaune a inuwa, kada ya kusanci bakinsa.